Keken Ɗinki a Kafaɗa, Daga Deule Zuwa Kurmin Gine

Assalamu alaikum Edita da masu karatu. A lokacin da wannan abu ya faru ni saurayi ne ɗan shekara ashirin da ƴan kai, daga wani ƙauye da ke kusa da Deule. Mahaifina ya rasu tun ina ƙarami, wana ne ke riƙe da gona da gida. Na ɗan taɓa lakkwal, wato makarantar boko, har na iya Faransancin da zai ishe ni gaisuwa da tambayar hanya, daga nan aka kai ni Buza wurin kawuna na koyi ɗinki. Ba ni da mata, ba ni da ɗa, ba ni da komai sai keken ɗinki na hannu da kawun ya ba ni ranar da ya yaye ni, da wani ƙaiƙayin ƙafa da ya hana ni zama wuri ɗaya.

A wajenmu zuwa bida, wato cin rani, ba sabon abu ba ne. Da an gama girbi samari ke watsewa, wasu Abijan, wasu Kamaru, wasu arewa. Sai dai in sun dawo, hirarsu duka ta ciniki ce da tsadar ɗaki. Akwai wani dattijo a unguwarmu da ya shekara goma sha wani abu a Abijan, na tambaye shi yadda teku take, ya ce shi bai taɓa zuwa bakinta ba, teburin cinikinsa bai ba shi sarari ba. Wannan magana ta tsaya mini a rai. Na ce ni in na fita, ba zan je in zauna bakin tebur ɗaya har in yi furfura ba, zan je in ga ƙasashen da idona. Wana ya yi faɗa sosai, ya ce wannan ba bida ba ce, gantali ne. Inna kuwa, mahaifiyata, sai ranar tafiya ta yi tata maganar. Ta ƙulla mini dawo da busasshiyar kuɓewa a tsumma, ta rako ni har bakin danga ta ce, "In ka tahi, kak ka ci haƙƙin kowa, kuma kak ka bar sallah. Sauran, Allah shi tsare."

Daga Madawa na hau kamiyon albasa mai zuwa Kwatano, a can saman buhuna, keke a tsakanin cinyoyina. Har muka isa warin albasa bai bar hancina ba. Da na sauka ban nemi masauki ba, na tambayi hanyar teku na bi. Na tsaya ina kallon ruwan da ba shi da ƙarshe yana tasowa yana dukan yashi yana komawa, na tsoma hannu na lasa, na ji gishiri. Ni kaɗai na yi ta dariya kamar mahaukaci, masunta suna kallona. A ranar na san ban yi kuskuren fitowa ba.

Yadda nake rayuwa a hanya ba wani abin wahalar ganewa ba ne. Da safe bayan na yi sallah sai in saɓa keke a kafaɗa, in riƙe almakashi a hannun dama ina kaɗa shi, ƙyas-ƙyas-ƙyas, ina bin lungu. Ƙarar almakashin ita ce tallata, ko ba ka jin yaren mutane sun san tela ne ke wucewa. Mace za ta leƙo ta yafito ni, in zauna a ƙofar gida, a jibgo mini wandon yara da ya fashe, da zanen da ya tsage, da rigar da maɓallinta ya fita. Duk inda mutane ke sa tufa, tufa na yagewa, saboda haka ban taɓa shiga garin da na rasa abin sawa a baki ba. Abincina garin rogo ne da sukari da ƙuli in rana ta yi wuya, wake da shinkafa in ta yi daɗi. Ina da ɗan butar shayi da murhun waya, da tabarmar leda, da bargo, da riga biyu: in ɗaya tana jikina, ɗaya tana shanye a jikin danga. Wanka a bayan masallaci ko gidan wanka na tasha. Kwana kuwa inda Allah ya nufa, wata rana barandar masallaci, wata rana rumfar mai gadi da na yi wa faci kyauta, wata rana a tasha, keke a ƙarƙashin kaina, igiyarsa ɗaure a hannuna. Abin da na samu nakan raba shi, kashi guda in ɗinke cikin ƙugun wando don ranar larura, in an samu mai zuwa gida in aika wa Inna da ɗan wani abu. Idan na ji na san lungunan gari har yara sun fara gane ni, sai in ɗaure kaya in yi gaba.

Haka na bi Lome, na shiga Ankara, na hau Kumasi, na gangara Abijan. Na ga inda ake noman koko, na ga bishiyar roba ana tsaga ta tana zubar da madara, na ga gidajen da aka gina a kan ruwa. Na tsinci gaisuwa da ƙirga a harsuna da dama, har ma da zagi, don shi ake fara koya wa baƙo. A kan iyaka na koyi haƙuri: ka miƙa katin ɗan ƙasa da na rigakafi, ka sunkuyar da kai, in jandarma ya ga dama ya tsare ka har la'asar, wani kuma ya tuɓe rigar aikinsa ya ce ka gyara masa aljihu ka wuce. A kowane babban gari akwai zango, akwai mutanenmu na Adar, suna karɓata da fura da hira. Amma da na ce zan wuce sai fuska ta canja. Wani Alhaji ɗan wajen Keita da ke da shaguna a Abijan ya zaunar da ni ya ce zai ba ni rumfa da keken ƙafa in zauna. Da na yi godiya na ƙi, sai ya dube ni ya ce, "Kai yaro, mi kaka bida a duniya in ba kuɗɗi ba?" Na ce, "Alhaji, duniyar ita kanta nika son gani." Ya girgiza kai ya ce Allah ya shirye ni, amma da zan tafi ya sa aka ɗaure mini shinkafa da gwangwanin kifi. Kada in yi muku ƙarya, akwai ranakun kaɗaici. Ranar Sallah ce ta fi ciwo, kowa ya nufi gidansa da iyalinsa, kai kuwa ka koma gindin bishiya ka hura gawayi ka dafa shayi kai kaɗai. Duk da haka, da gari ya waye na ji almakashi a hannuna sai zuciya ta sake.

Bayan wasu shekaru na nufi yamma, na bi ta garin Man na shiga kudancin Gine, ƙasar kurmi da duwatsu. Damina ce, irin wadda mu mutanen Adar ba mu san ta ba, ruwa ya wuni yana zuba ya kwana yana zuba. A nan ruwa ya shiga salulata ta mutu. Da ma nakan kira wana duk bayan ɗan lokaci, sai na ce bari in isa babban gari in gyara, ban nemi aron ta wani na faɗa musu inda na nufa ba. Na hau wani kamiyon kaya da ke bin hanyar daji. Muka yi nisa, sai ya nutse a taɓo har gindi, gabanmu wasu motocin a kafe, bayanmu wasu. Muka kwana, muka sake kwana, abinci ya fara ƙarewa. Direba ya ce in jira, za a zo da abin ja. Ni kuwa na saba da tafiyar ƙafa, na ji an ce akwai gari a gaba, sai na saɓa keke na kama hanya.

Ban yi nisa sosai ba takalmin roba ya tsinke a cikin taɓo, na taka wani tsohon ƙarfe ya yanke ni a tafin ƙafar hagu. Na wanke da ruwan gefen hanya, na ɗaure da ƙyalle, na ci gaba. A wajenmu irin wannan yanka rana ce ke busar da shi, ban san a kurmi ciwo ba ya bushewa ba. Na kwana a wata bukkar gona, da safe ƙafa ta kumbura, na ɗingisa na ci gaba. Wajen azahar zazzaɓi ya rufe ni, haƙorana na kaɗawa, hanya na juyawa a idona. Na ga wata ƴar siririyar hanya ta ratse, na ji ƙamshin hayaƙi, na bi. Abin da na iya tunawa na ƙarshe shi ne na ajiye keke a hankali don kada ya faɗi, na zauna kusa da shi.

Da na farfaɗo, ina kwance kan gadon gora a cikin wani ɗaki, wata tsohuwa gajera mai jajayen hannuwa tana tsaye a kaina. Daga baya na gane manja take dafawa, shi ya rina mata hannu, kuma a kusa da inda take aikin ta tsince ni. Ba ta jin Hausa, ba ta jin Faransanci, ni kuma ban san ko kalma ɗaya ta yarensu ba. Na ce mata Inna, ta maimaita, ta yi dariya, sunan ya bi ta. Mutanen ƙauyen ba Musulmi ba ne, addinin gargajiyarsu suke yi, akwai wani kurmi a bayan gari da baƙo ba ya shiga. Da farko na tsorata. Amma da ta ga na yi taimama ina sallah a kwance, sai ta riƙa korar jikokinta daga ɗakin in na fara. Da aka kawo mini miya da naman daji na kau da kai, ba ta ji haushi ba. Washegari ta zo da kifi ɗanye a hannu, ta nuna mini, sai da na gyaɗa kai sannan ta je ta dafa a wata tukunya dabam. Ta tuna mini da kakata, wadda danginta Arna ne kafin su musulunta, ita ma haka ta san ganye da saiwa, haka kuma take faɗa da mara lafiya in ya ƙi cin abinci.

Ta daka ganye ta ɗaura mini, ta ba ni wasu jiƙe-jiƙe masu ɗaci. Zazzaɓi ya ɗan sauka amma ƙafa ta ƙi, kumburi ya haura har ƙwauri, fata ta yi baƙi, wari ya fara tashi. Wata safiya ta kwance ƙyallen, ta daɗe tana dubawa, ta fita da sauri. Na ji ta a dandali tana ɗaga murya kamar mai faɗa da gari duka. Jim kaɗan ta dawo da samari huɗu da wani malamin lakkwal na ƙauyen, shi ne mai jin Faransanci. Ya gaya mini tsohuwa ta ce wannan ciwo ya fi ƙarfin ganyenta, in ba a kai ni gidan likita yau ba zan rasa ƙafar, ko in rasa raina. Mota ba ta shigowa, saboda haka ɗaukata za a yi. Suka ɗaure wani zane mai kauri a jikin doguwar gora, suka sa ni ciki. Na miƙa hannu ina nuna kekena, na ce ba ni tafiya ba tare da shi ba. Malamin ya ce nauyi zai yi musu yawa. Tsohuwa ta matso ta dafa keken, ta dafa ƙirjinta, ta kaɗa mini hannu alamar in tafi. Tun da na bar gida ban taɓa rabuwa da shi ba, ranar na juya fuskata na yi hawaye.

Ba zan manta da wannan tafiya ba. Biyu na ɗauka, biyu na hutawa, suna tsallaka rafi da ruwa iya ƙugu, suna hawan tudu mai santsi, suna waƙa don ƙafarsu ta daidaita. In na yi nishi sai su tsaya su ba ni ruwa. Ba su san sunana ba, ba su san garinmu ba, ba su tambaye ni ko kwabo ba. Da yamma muka isa wani ƙaramin gidan likita. Majon wurin, wato babban mai jinya, ya duba ya yi tsaki, ya ce da na ƙara kwana biyu sai dai a kai ni birni a yanke. Ya tsaga, ya matse, ya kankare ruɓaɓɓen nama, samarin nan suna danne da ni ina kiran sunan Allah. Na farke ƙugun wando na fito da ajiyata aka sayi allurai da magani. Na daɗe a wurin, wani Bafulatani mai shago a bakin hanya shi ke aiko mini da abinci don ya ji an ce Musulmi ne baƙo ke kwance. Ƙafa ta tsira, sai dai yatsa ɗaya ya tafi, kuma har yau ina ɗan ɗingishi.

Da na iya takawa da sanda, na koma ƙauyen. A hanya zuciyata na ta raya mini cewa keke ya tafi, don irinsa dukiya ce a wurin. Da tsohuwa ta hango ni ta saki muciya ta taho tana guɗa irin tasu. Ta ja ni ɗaki, ta jawo wani ƙunshi daga ƙarƙashin gado, naɗe da zanenta mafi kyau. Kekena ne, ko allura ba ta ɓata ba. Sai dai ta ga yana neman yin tsatsa saboda damshi, ta shafe shi da manja ciki da waje, har ya daskare ya ƙi juyawa. Na yi dariya har na zauna a ƙasa, ita ma tana dariya ba ta san dalili ba. Na kwance shi gaba ɗaya na wanke da kananzir, na mayar. Daga nan na kafa shi a gindin bishiyar dandali, na sa malamin ya yi shela cewa duk mai yagaggen kaya ya kawo, ba biya. Na yi wa garin nan ɗinki tun daga kan tsofaffi har jarirai. Samarin da suka ɗauke ni na ɗinka wa kowannensu riga, ita kuma na sayo yadi a shagon Bafulatani na yi mata riga da zane da ɗankwali irin na matan wajenmu. Ta sa, ta zagaya gida-gida tana nunawa. A duk ɗinkin da na yi a rayuwata babu wanda nake alfahari da shi kamar wannan.

Da salular Bafulatanin na kira gida, lambar wana tana kaina. Ya ɗauka ya ce, "Wa ka magana?" Na faɗi sunana. Sai ya ce, "Kai na? Kana raye?" Ashe sun nemi labarina a zangon Abijan an ce na yi yamma, babu wanda ya san inda na shiga. Har wasu sun fara ba Inna shawarar a yi mini addu'a, ta ce ba ta yarda ba sai ta ga wanda ya ga gawata. Wana ya ce tun da aka daina jin ɗuriyata ta daina zuwa kasuwa, ta rame. Ya kai mata salular. Na shirya jin faɗa, amma da na ba ta labari a taƙaice abin da ta ce kawai shi ne, "Ƙahwar ta warke? Ita matar da tad dube ka, ka yi mata godiya da kyau?" Na ce na yi. Ta ce to in gama ganin abin da nake gani, amma damina mai zuwa a gida take so ta same ni. Wannan shi ne abin da ke damuna har yau in na tuna: ciwon ƙafata ni na ji shi, amma watannin da ta yi ba ta barci, sakacina ne ya jawo mata.

Na cika mata alkawari. Na bi ta Konakiri na sake gaisawa da teku, na hau Bamako, na ratsa Wagadugu, na shigo Yamai, na iso gida ana gyaran gona. Ban zo da mota ba, ban zo da abin gina soro ba, wasu sun yi ta gulma a kai. Yanzu ina da shago a kasuwar Buza, da mata da ƴaƴa, da masu koyon aiki. Kuma in an zauna hira aka ambaci wata ƙasa, ni ake juyowa a tambaya, har da waɗanda suka ce gantali na tafi.

Na rubuto ne saboda samarin da ke zuwa shagona suna tambayata hanya. Ba na hana kowa fita, don ni fita ta yi mini rana, ta koya mini cewa mutum na iya rayuwa da abin da zai iya ɗauka a kafaɗa, kuma mutanen kirki ba a ƙabila ɗaya ko addini ɗaya Allah ya tara su ba. Amma ku ji daga bakin wanda ya taka. Kada ka fita sai da sana'a a hannunka, ita ce za ta hana ka roƙo da sata. Kada ka raina ƙaramin ciwo a ƙasar da ba ka san ruwanta ba, ka nemi likita tun ƙafarka na ɗaukarka. In masu hanya sun ce ka jira, ka jira. Sannan duk garin da za ka bari, ko da aron salula ne, ka kira gida ka ce ga inda na nufa. Kai kana can kana kallon duniya, kwana na gudu ba ka sani ba, amma akwai wadda ke zaune tana jin kowace rana a jikinta. Ni na yi sa'a aka tsince ni, aka ɗauke ni a kafaɗa, na dawo na tarar da tawa mahaifiyar da rai. Na san waɗanda suka fita tare da ni a shekarun nan, har yau iyayensu mata na tare duk wanda ya sauko daga mota suna tambaya ko ya gan su.